Ciwon Idon da Ban Taɓa Yi Ba

Aminu, Zainab, da ku ƙannensu, kun tashi da sanin cewa Babanku ba ya tuƙi saboda likita ya hana shi, wai idonsa ba ya hango nesa. Haka kuka faɗa wa abokanku, haka kuka faɗa wa surukai, har jikokina na ji suna maimaitawa. To babu likitan da ya taɓa hana ni. Idona lafiya lau yake har na haura sittin, kuma tabaran nan mai baƙin kewaye da kuka san ni da shi a duk hotunan gidan nan gilashin banza ne, a kasuwar Muda Lawal na saye shi a hannun mai tebur. Tsoro nake ji. Na daɗe ina juya yadda zan kawo muku wannan magana ta yi taushi, na ga ba ta da wani gefe mai taushi, sai dai a faɗe ta yadda take.

Ni dama tun tasowata mutum ne mai fargaba. Kun san halina na komawa in taɓa kwaɗon ƙofa sau uku bayan na kulle, da zuwa tasha tun motar ba ta fara lodi ba. Ina da shekara ashirin da bakwai, ban daɗe da kama aikin akawu a ma'aikata ba, wani abokina Garba ya sayi mota, ya fita da ni hanyar Gombe wata ranar Lahadi don ya koya mini. Mun yi nisa kaɗan, har na fara jin daɗi, sai ga wata Bafillatana da ƙwaryar nono a ka tana tsallake titi. Garba ya ce in taka birki, ni kuma na danna totur. Shi ya fizge sitiyarin muka faɗa cikin gona. Motar ba ta taɓa ta ba, amma don firgita ta saki ƙwaryar ta tarwatse a kan kwalta. Ta koma bakin hanya ta zauna, ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi. Garba ya biya ta nononta, ya yi ta dariya a hanyar dawowa, ya ce kowa da haka ya fara. Ni kuwa daga ranar, ko kujerar direba na kalla sai tafin hannuna ya jiƙe. Da abokan aiki suka fara sayen motoci suna tsokanata, wata rana a ofis bakina ya riga hankalina, na ce ai matsalar ido gare ni. Nan take tsokanar ta koma jaje. Na ji daɗin jajen nan fiye da yadda ya kamata, sati bai zagayo ba na je na sayi tabarau. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, kuma ba ni na ci su ba.

Ummanku ce ta ci su. Lokacin tana koyarwa a wata firamare a Inkil, kullum daga nan Gwallaga sai ta hau tasi biyu, ta ƙarasa da ƙafa. Ita ba irina ba ce. Mace ce da idan fitilar gida ta lalace ba ta jiran mai gyara, sai ta ɗauko kujera ta hau. A wani dogon hutu, Zainab tana shekara huɗu, ta riƙa zuwa gidansu da yamma, yayanta Kawu Sale yana fita da ita filin ƙwallo yana koya mata mota. Da sanina aka yi, don na ɗauka wasa ne, za ta gaji ta bari. Ba ta gaji ba. Sati shida ta iya, har da ribas tsakanin duwatsu biyu, ta je aka gwada ta aka ba ta lasin. Kawu Sale ya sayi sabuwar mota a shekarar, ya ce tsohuwar, wata 'yar ruwan toka mai giya, ya ba ƙanwarsa kyauta. Ina iya tuna yammacin da ta kawo mini labarin. Bayan la'asar ne, ina zaune kan tabarma a tsakar gida, ta zo ta durƙusa ta ajiye lasin ɗin a gabana, fuskarta kamar ta yarinyar da ta sauke Alƙur'ani. Ta riga ta lissafa komai: za ta ajiye ni a ofis da safe, ta ajiye ku a makaranta, ta wuce Inkil. Wannan ajiye ni a ofis ɗin shi ya kashe maganar. Abin da na hango shi ne ni zaune a gefe, matata tana tuƙi, muna wucewa ta gaban majalisar ƙofar masallaci, ana bin mu da ido. Sai na ɗauko wasu dalilai na jera mata: unguwarmu ba a saba ganin haka ba, titi ba wurin mace ba ne, in taya ta fashe a hanya wa zai taimake ta, mutane za su ce kaza. Ta saurara har na gama.

"Malam, ko zuwa makaranta kawai da dawowa? Ba sai na bi ta gaban masallaci ba."

"Na gama magana, Hadiza."

Ta ɗauki lasin ɗinta ta shiga ɗaki. Kawu Sale ya zo har gida ya roƙe ni, na ba shi amsar da ta sa ya yi shekara biyu bai taka gidan nan ba. Aminu, kai kana iya tuna wannan, ka taɓa tambayata abin da ya haɗa mu na ce maganar manya ce. To ita ce wannan.

Shekara ashirin da huɗu ta ƙara yi tana bin hanyar Inkil, a tasi, daga baya a kan acaɓa. Ba ta sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya, kuma ba ta canja mini fuska ba, wannan ne ma ya ba ni damar in gaya wa kaina cewa abin bai dame ta ba. Wata damina ɗan acaɓa ya zame da ita a cikin taɓo, ta karye a wuyan hannun dama. Ni na riƙe mata kafaɗa a gidan mai ɗori yana jan hannun, tana cije gefen mayafinta. A wurin nan maganar ta zo mini har maƙogwaro, in ce mata laifina ne, in ce idan ta warke a nemo mota. Na haɗiye ta. Zangon karatu guda ta yi tana rubutu a allo da hannun hagu, ta dawo gida tana ba mu labarin yadda yara ke dariyar rubutunta, mu ma muna dariya.

Shekarar da na yi ritaya ita ce shekarar da nake son in tsaya a kanta. Ciwon suga ya riga ya daɗe a jikin Ummanku, ita ma ta ajiye aiki, ƙafafunta sun fara nauyi har tana dogara sanda. Aminu ya aiko mana da mota daga Kaduna, irin wadda ba a sa mata giya da hannu, ya kuma ɗaukar mana direba mai zuwa kwana uku a mako don kai ta asibiti. A farkon damina, wata ranar Alhamis, direban ya tafi garinsu jana'iza. Da hantsi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta yi allurarta ta suga ba ta samu ta ci abinci ba, na ji ƙarar faɗuwar kwano, na fito na same ta kwance a ƙofar kicin, gumi ya jiƙe ta, ina kira ba ta amsawa. Daga ni sai ita a gidan. Makullin motar yana rataye a ƙusa. Na ɗauke shi, na fita, na buɗe motar na zauna a kujerar direba, karo na farko cikin shekara talatin da uku. Hannuna ya ƙi samun ramin makullin. Ko da ya samu, ban san abin da zan yi bayan nan ba. Na fito da gudu bakin titi ina ɗaga wa masu keke hannu, kowa ya saki labulensa yana gudun ruwa, babu wanda ya tsaya. Ihun da nake yi ne ya fito da matar maƙwabcinmu, Maman Hanifa, yarinyar da ba ta kai Zainab a haihuwa ba. Ta leƙa ta ga Ummanku, ta dubi motar, ta dubi hannuna.

"Baba, kawo makullin."

Ita da wata mata suka taya ni muka sa ta a baya. Na zauna na ɗora kanta a cinyata, ina kallon ƙeyar yarinyar nan cikin hijabinta da ya jiƙe, tana ratsa lungunan Gwallaga, tana kauce wa ramuka, tana danna hon. Mun wuce ta gaban masallacin nan, akwai mutane a rumfa suna fakewa, kuma babu wanda ya ga wani abin mamaki. A asibiti aka sa mata ruwa, cikin ikon Allah ta buɗe ido. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya canja. Na fita baranda na tsaya ina kallon ruwan sama, ina tuna cewa wannan da ta ceci matata yau, abin da na hana matata ne take yi.

Bayan sati biyu na tafi unguwar Yalwa neman Baba Yohanna. Tsohon direban ma'aikatarmu ne, mutumin Dass, ya yi shekaru yana kai mu rangadi, ya riga ni yin ritaya. Na zaɓe shi ne don ba ɗan unguwarmu ba ne, kuma ban taɓa jin ya kai maganar wani wurin wani ba. Na same shi yana gyaran kejin kaji. Bayan gaisuwa na fara kewaye-kewaye, har na soma wata sabuwar ƙaryar, na ce idon ya ɗan yi sauƙi kwanan nan, shi ne nake tunanin ko zan gwada tuƙi. Ya ajiye gudumarsa ya dube ni.

"Oga, wani ido? Lokacin da muna zuwa Azare, kai ne kana karanta allon hanya tun ni ban gani ba."

"Kuma ba ka taɓa gaya wa kowa ba?"

"Ba aikina ba ne. Aikina tuƙi ne."

Na zauna a kan bencinsa. Abin da ya fara zo mini ba kunyarsa ba ce. Tunani na yi, idan mutumin da nake shiga motarsa sau ɗaya a wata ya gane, ina ga wadda muke kwana ɗaki ɗaya? Na ture tunanin gefe, don na ƙware a wannan. Muka shirya cewa zai maye gurbin direbanmu, wanda ya aiko daga garinsu cewa ba zai dawo ba: ranakun asibiti ya kai Ummanku, sauran ranakun ya fita da ni. A gida na ce sakatariya nake zuwa bin takardun fansho. Ku duba fa, ina neman fita daga ƙarya, da ƙarya na fara.

Wani fili ne gaba da Inkil kaɗan, tsakanin gonaki, da wata tsamiya a tsakiyarsa. Ranar farko motar ba ta motsa ba. Ya sa ni na zauna, na tayar da inji, na kashe, na sake tayarwa, har zuciyata ta rage bugawa. Rana ta biyu na saki birki motar ta gangara kamar taku goma, na taka shi da ƙarfin da ya sa goshin Baba Yohanna ya kusa dukan gilashi. Ya gyara hularsa ya ce mu sake. Ba zan iya kwatanta muku abin da ke faruwa a jikina ba sai dai in ce kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya, kunnuwana su toshe, ƙafar dama ta riƙa rawa ita kaɗai kamar ba tawa ba. Kullum sai na dawo da riga a jiƙe. Idan akuya ta ɓullo a can ƙarshen fili, sai in tsaya cak har ta wuce. Shi kuma maganarsa ɗaya ce, yana maimaita ta da Hausarsa ta mutanen Dass, cewa motan ba ya tunani, abin da ƙafana ya gaya masa shi zai yi. Sati uku muna zagaya tsamiyar nan, har manoman wurin suka saba da mu, suna ɗago mana fartanya idan mun iso. Wani dattijo cikinsu ya taɓa tambayata ko wani abu na ɓatar a gindin bishiyar. Daga fili muka hau hanyar Gombe da sassafe, ina tafiya kamar mai rakiyar gawa, manyan motoci suna wuce ni iskarsu tana girgiza mu. Sau biyu ina cewa na bari. Sau biyun Baba Yohanna ya zo washegari ya tsaya a ƙofar gida kamar ban ce komai ba.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da ya ce in bi ta gaban Muda Lawal. Wajen sha ɗaya ne na safe, ana sauke buhunan masara daga wata babbar mota, masu baro suna kutsawa, keke ta dama keke ta hagu, mata da kaya a ka suna ratsawa ta ko'ina. Na shiga tsakiya, wata mata ta gifta ta gabana da tire a ka, sai komai ya tsaya mini. Na taka birki na ƙanƙame sitiyari, na kasa gaba na kasa baya. Hon ya kaure ta kowane gefe. Wani mai keke ya leƙo ya ce, Baba in ba ka iya ba ka sayi jaki mana, mutane suka kwashe da dariya. Na ce wa Baba Yohanna don girman Allah ya zagayo ya karɓa. Ya harɗe hannuwansa a ƙirji.

"Ni ba zan sauka ba, Oga. In ka so mu kwana a nan."

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na karanta duk abin da ya zo bakina, na ɗaga ƙafa a hankali, motar ta motsa, na bi bayan wani mai baro har muka fita. Da muka yi nisa na tsaya a gefe na dubi madubi. Kasuwa tana ci kamar yadda take ci. Mai keken ya yi gaba da fasinjansa, masu dariya sun koma cinikinsu, babu ko mutum ɗaya da ya waiwayo ya ga inda tsohon nan ya nufa. An yi mini dariya a tsakiyar kasuwa, abin da na ƙare rayuwata ina gudu, kuma ga shi bai kai tsawon shan kofin shayi ba. A kan wannan na sa mace ta yi shekara ashirin da huɗu a tasi da bayan acaɓa. Na kifa kaina a kan sitiyari. Baba Yohanna ya fita ya sayo mana gyaɗa, ya daɗe bai dawo ba, na san da gangan ya yi.

Da kaka, ana yankan dawa, aka gwada ni aka ba ni lasin. Wata Asabar da hantsi na ce wa Ummanku ta shirya za mu fita. Ta fito tana dogara sandarta, tana neman Baba Yohanna da ido, sai ta gan ni a kujerar direba, babu tabarau. Ta tsaya ta dube ni na ɗan lokaci. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta ja bel ta ɗaura. Muna fita lungu ta ce in sa sigina. A shataletalen Wunti ta ce in ɗan dakata mai farar motar can ya wuce, shi ke da hanya. Na lura idonta ba ya barin madubin gefe, kuma duk inda ya kamata a rage gudu sai in ga gwiwarta ta motsa. Ta leƙa wajen ƙafafuna ta ce wannan ma mota ce, ko kuloci babu, ai ta Yaya Sale ita ce mota. Muka wuce tsohuwar makarantarta, ta bi ta da kallo har ta ɓace. Na kai mu filin nan na tsaya a inuwar tsamiya, na kashe inji, na gaya mata komai, tun daga mai nono har zuwa mai teburin Muda Lawal, har da ainihin abin da ya sa na hana ta motar yayanta. Ina magana ina kallon gilashin gaba, don ban iya kallonta ba.

"Na sani, Malam," ta ce. "Tun Aminu yana goye. Na ɗauki tabaran zan goge maka, na duba ta ciki."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Na ɗauka kai za ka faɗa. Kullum ina cewa bana ne."

Na fita na zagaya na buɗe mata ƙofa, na miƙa mata makullin. Na ce fili ne, babu kowa, ta tuƙa yadda take so, daga yau kuma motar tata ce. A raina na ɗauka wani babban abu nake yi. Ta karɓa, ta zagaya a hankali da sandarta, ta zauna. Ta matso da kujera, ta gyara madubin tsakiya da yatsu biyu, ta ɗora hannuwanta a kan sitiyari daidai inda ya kamata, abin da ni sai da aka yi wata guda ana gyara mini. Fuskarta ta sake, har na ga wani abu na yarinyar da ta durƙusa a gabana a tsakar gida. Sai na ga tana motsa ƙafa a ƙasa, tana sake motsawa, ta daina murmushi.

"Malam, duba mini. Ƙafata a kan birki take, ko a kan totur?"

Na sunkuya na duba. Ba ta kan ko ɗaya, tana tsakaninsu a kan shimfiɗar ƙasa. Na san ciwon ya taɓa ƙafafunta, ni nake raka ta asibiti, amma ban san ya kai inda ba ta jin abin da ta taka ba, don ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce ya fi shekara biyu, daga idon sawu zuwa ƙasa kamar ƙafar wani take ja. Ta zauna a haka, hannuwanta a kan sitiyari, tana kallon masu yankan dawa a can nesa. Ba ta tayar da injin ba. Can ta zare makullin ta miƙo mini ta ce in zo in mai da ta gida, lokacin maganinta ya kusa. Na durƙusa a nan bakin ƙofar motar na roƙe ta gafara.

"Na yafe maka tun tuni," ta ce. "Amma na so abin nan, Malam. Na so shi ƙwarai."

Shekara ɗaya da wata bakwai ta yi a duniya bayan wannan. Ni na riƙa kai ta asibiti, ni na kai ta gidan Kawu Sale muka zauna mu uku na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun da daɗewa. Ku kuma da kuka zo hutun sallah kuka gan ni ina tuƙi, kuka yi ta murna, Aminu ya ce ashe idon Baba ya warke, na yi murmushi na bar ku a haka. Tsoron bai tafi ba har yau. Ina yin addu'a kafin in tayar, ba na wuce babbar mota, kuma in hadari ya haɗu ina ajiye makulli. Amma ana iya tuƙi da tsoro, kamar yadda ake iya noma da ciwon baya. Wannan ne abin da ban sani ba ina ɗan ashirin da bakwai, kuma ban tambayi kowa ba. Mafi daɗin kwanakin su ne yammacin da take cewa in fita da ita hanyar Gombe ba don komai ba. Takan sauke gilashi ta ce in ƙara wuta kaɗan, in ce mata wannan ma ya isa, ta yi dariya ta ƙyale ni.

Ranar sadakar uku, aka ce in shigo cikin gida tsofaffin abokan aikinta daga Inkil suna son yi mini gaisuwa. Zainab, kina wurin, kina zaune kusa da ƙofar ɗakinta. Babbarsu, Malama Asabe, wadda suka yi shekara ashirin suna koyarwa tare, ta yi addu'a, sannan ta shiga ba da labarin halayenta, yadda ba ta tsoron shugaban makaranta, ba ta tsoron masu duba aiki, har maciji ta taɓa kashewa a aji.

"Abu ɗaya kawai na san Hadiza tana tsoro, shi ne titi," ta ce. "Mun sha ce mata ta nemi mota ta huta da acaɓa. Sai ta ce ai yayanta ya ba ta, Malam ma ya yi ta lallashinta, ita ce zuciyarta ba za ta iya ba."

Matan suka yi murmushi suna Allah ya ji ƙanta. Na dube ki, Zainab, na ga kina gyaɗa kai, na gane ke ma abin da ta gaya miki ke nan, kuma da shi kuka girma. Ban taɓa sanin ta yi haka ba. Ba rufa mini asiri kawai ta yi ba, tsoron nawa ta ɗauka ta ɗora wa kanta a gaban mutane, ta yi ta yawo da shi har ta koma ga Allah. A tsakar gidan nan akwai mata sun fi ashirin, duka waɗanda suka san ta. Babu wurin da ya fi wannan dacewa in buɗe baki in ce ba haka aka yi ba. Na ce amin, na gode musu da zuwa, na sa takalmina na koma waje wurin maza.

Shi ya sa nake rubutawa, tunda an gwada ni da baki sau da yawa na kasa. Ummanku ba ta taɓa tsoron titi ba. A sati shida ta koyi abin da ya ɗauke ni wata huɗu da zufa, kuma da an bar ta, da ita ce za ta koya muku duka. Duk inda kuka taɓa faɗin cewa tana tsoro, ku koma ku gyara. Ku sauke mata kayan nan, nawa ne.